Na Bayan Bango

Ƙwas, ƙwas. Muciya na buga a bakin tukunya don tuwon da ya manne mata ya faɗi. Bango ɗaya ne tsakanin madafarmu da ɗakin Baba, surukina, bangon ƙasa irin na gidajen cikin birni. Azahar ta yi a lokacin.

Baba tsohon soja ne. Tsufa ya riga ya kwashe masa sunayenmu, har kiran salla ya daina ganewa. Ladan na kira, shi yana zaune yana kallon tafin hannunsa. Malamai sun ce babu laifi a kansa, amma ni abin yana ci mini rai: mutumin da sahun farko ya sani, a ce zai koma ga Allah ba ya salla?

Sai na ji motsi a ɗakinsa, na leƙa. Ya dafa bangon da tafukansa biyu, ya shafi fuska, ya shafi hannuwa, ya ta da kabbara daga zaune. Ga buta cike da ruwa a gefensa, ko kallonta bai yi ba. Na tsaya da muciya a hannu ina kallonsa.

Na ruga wajen Inna, uwar mijina, na faɗa mata.

Ta ce, "Ke 'yar nan, me kika buga?"

Na nuna mata. Sai ta ba ni labari. Lokacin yaƙin basasa an kama Baba, aka kulle shi a ɗaki marar taga. Ruwan sha ma da ƙyar, balle na alwala. Dare da rana duk ɗaya. A ɗakin da ke maƙwabtaka akwai wani fursuna, ba Musulmi ba, mai hango rana ta wata tsaga. Shi ke ƙwanƙwasa masa bango idan lokaci ya yi. Har aka sako Baba bai ga fuskarsa ba.

"Ni ma sau ɗaya ya faɗa mini," in ji Inna, "don na ishe shi da tambaya."

Daga ranar muciyata ta samu aiki na biyu. Ko ba girki, in ladan ya kira sai in buga, kuma ina sa baƙon fursunan nan cikin addu'ata.

Wata la'asar na buga, na tura autata ta dubo ko Baba ya motsa. Ta dawo ta riƙe bakin zanena.

"Umma, ya idar. Ya ce in tambayi na bayan bango, shi ma an ba shi abinci?"