Babur Mai Zanen Zabo

Lukman maƙwabcina ne a Talata Mafara. Shekara tara ya yi yana kanikanci a Fatakwal, ya dawo gida da babur guda, dogo mai ƙasa-ƙasa, irin wanda ake tuƙawa kamar an kishingiɗa. Da hannunsa ya yi masa baƙin fenti, ya bi tankin da ɗigon fari kamar gashin zabo. Na taɓa ƙirgawa: ɗigo ɗari huɗu da sha biyu.

Bana aka ba shi aron fadama wajen Maradun. Saura kwana ashirin a dasa albasa, ba shi da injin ban ruwa, mai filin kuma ya ce in bai dasa ba, wani zai ba. Dole babur ya tafi kasuwa.

Talata biyu muna kai shi. Mutum sha bakwai suka zagaye shi, ba wanda ya taya. A wajenmu duk babur ɗin da aka sake wa fenti, ana ɗauka hatsari ya yi ake ɓoye tabo.

Talata ta uku Ayuba dillali ya kawo Alhaji Ishaku, mai sayen hatsi daga Damri. Bayan doguwar gaisuwa Alhaji ya ƙwanƙwasa tankin.

"Malam Lukman, mi ka rufe da zabon ga? Walda?"

"Ranka shi daɗe, ko faɗuwa bai taɓa yi ba."

"Haka mai kaza ka faɗi ranar da ta fara gyangyaɗi."

Aka yi dariya, ban da Lukman. Ya zaro sanfefa daga aljihu, ya durƙusa ya hau gurzar tankin.

"Kai, aikin wata guda za ka ɓata?" in ji Ayuba.

Wuri biyar Lukman ya kankare, har wuyan babur, duk inda Alhaji ya nuna da tsinin takalmi. Ƙarfe ya fito fes, ba ɗinki ko ɗaya.

Alhaji ya shafa, ya taya. Sau biyu Lukman yana cewa albarka, a na uku ya sallama.

"Amma sai ka maido min da zabona," in ji Alhaji.

"Bayan dashe, Alhaji."

Ranar Alhamis injin ya fara zuba ruwa a fadama, saura kwana uku a wa'adin mai filin.