Bakin Ƙahon Baba Yana Ƙasan Gulbi

Shekarun baya kaɗan, ina ɗan shekara goma sha uku, na yi wata wauta wadda ba ta ci minti biyu ba. Na ɗauki bakin ƙahon mahaifina na tafi kamun kifi da shi.

Baba yana da turompet, ƙahon nan na Turawa mai ruwan zinari, cikin baƙin akwati a saman armuwar, wato kabad ɗin tufafi. Kafin a haife ni shi ne mai busa a egiliz, wato cocinmu, nan Gaya. Tsofaffi sun ce in ya busa ranar Lahadi, har mutanen ƙetaren gada sai sun waiwayo. Daga baya ya kama tuƙin kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Kwatano, Lahadi ta riƙa riskarsa a hanya, akwatin ya fi shekara goma ba a buɗe shi ba. Ni a ganina ƙahon ya riga ya yi ritaya.

Lokacin bakansi, babban hutun makaranta, ni da abokina, ɗan masunta, muka ɗau alwashin kamo giwan ruwan da sai an kira amalanke. Muna da fatsa, muna da zare, dalmar da za ta nitsar da su ce babu. Sai na tuna da ɗan ƙarfen nan mai kama da ƙaramin mazurari, wanda ake ɗora wa leɓe a busa. Ga nauyi, ga rami na zura zare. Abokina ya jujjuya shi a hannu ya ce, "Kai, wannan ai kifi ma sai ya ji kunyar ƙin cizo."

Jifa na biyu zaren ya maƙale a ƙasan ruwa. Na ja, ya tsinke. Muka yi nitso har idanunmu suka yi ja kamar na ƴan giya, ba mu samo komai ba sai wani tsohon silifa. Na koma gida na ce wa raina, wa zai nema?

Wata huɗu kawai aka yi. Ciwon baya ya sauke Baba daga mota, ya zama mai zaman tabarma, ba ya ko son a gaishe shi. Ran nan Fasto ya zo duba shi, ya ce, "Ɗan'uwa, tunda Allah ya dawo mana da kai, Nowel ɗin bana, ranar Kirsimeti, muna son jin ƙahon nan." Sai Baba ya yi murmushi, rabona da ganin haƙoransa tun kafin ya kwanta. Ya ce, "Kai yaro, sauko mini da akwatin."

Ni na sauko da shi da hannuna. Baba ya buɗe, ya goge ƙahon, ya danna maɓallan, sannan ya laluba ɗan aljihun gefe. Ya sake lalubawa.

Ba a taɓa yin mai nema irina ba a Gaya. Na shiga ƙarƙashin gado, na zazzage buhun gero, na leƙa randa, har akurkin kaji na sa kai. Mahaifiyata tana cewa, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan." Laifin kuwa a kanta ya faɗa. Baba ya ce ita ce mai kwashe-kwashe.

"Baban yara, ni me zan yi da shi? Miya zan kaɗa?"

"Kin bai wa masu sayen tsohon ƙarfe, faɗi gaskiya!"

Kwana uku ba su yi magana ba, ni kuwa ina tsakiya ina cin tuwo.

Baba bai haƙura ba. Kullum bayan la'asar sai ya zauna yana kaɗa leɓɓansa a bakin kwalba don su tuna aikinsu. Ya aika Malanbil, ƙetaren gada, wurin wani tsohon abokinsa ɗan fanfar, wato ƙungiyar masu busa ƙaho da ganga, sai saura kwana biyu Nowel aka kawo aron wani baki. Ƙarami ne, gefensa ya lotse, kuma yana rawa a cikin ƙahon sai da aka naɗe shi da takarda. Baba ya gwada, ya duba leɓensa a madubi, ya ce, "Zai yi." Mahaifiyata ta goge masa farar rigarsa har sau biyu.

Safiyar Nowel egiliz ta cika har waje, don labari ya zaga. Ƴan korale, mawaƙan egiliz, suka tashi, Baba ya miƙe a hankali yana dafe da baya. Baiti na farko ya fita lafiya. Gaskiya ban taɓa jin abu mai daɗi haka ba, har wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Da aka zo inda waƙar take hawa sama, sai ƙahon ya yi wani kuka kamar an taka agwagwa. Baba ya sake gwadawa. Agwagwar ta kira ƴar'uwarta.

Bencin yara ya fashe da dariya. Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, har da ni. Na toshe baki, ta fito ta hanci. Da na ɗaga kai, idon Baba yana kaina, ga jini a leɓensa. Ya sauke ƙahon ya zauna, korale suka ƙarasa su kaɗai.

A gida ya ƙi cin shinkafa. Na ji yana ce wa mahaifiyata, "Ki yafe ni. Ba baki ba ne, ni ne na ƙare." Wannan maganar ce ta fi ƙarfina. Na je na durƙusa na faɗi komai, ina jiran bulala, har na zaɓi gefen da zan tara.

Ya dube ni ya ce, "Kifi nawa ka kama da shi?"

"Ko ɗaya, Baba."

"To. Tashi ka je."

Da ya dake ni da tuni na warke. Ni mutum ne mai son ba da dariya, a lise, makarantarmu ta sakandare, ma da haka aka san ni, amma har yau in na ji fanfar ta wuce sai bakina ya mutu. Ban ɗauka abin da aka ajiye shekara goma yana iya zama mai shi bai gama da shi ba. Kuma ba satar ce take cina ba kamar dariyar.

Bayan shekara ɗaya na roƙi yayan abokina, mai zuwa Kwatano, ya samo mini sabon baki daidai irin na da. Na kai wa Baba. Ya juya shi a tafin hannu, ya yi godiya da "Marsi," ya sa a aljihun akwatin ya rufe. Fasto ya sake roƙonsa sau biyu, Baba ya ce leɓe ya mutu. Yanzu piyano ake kaɗawa a egiliz ɗinmu, Baba yana zama a bencin baya, kuma bai sake busawa ba.