Zaren da Rana Ta Cinye

Mahaifina tela ne, amma ba na riga da wando ba. Tamfol yake ɗinkawa, wanda ake rufe kayan manyan motoci da shi, a wata rumfa kusa da tashar Race Course. Daga gidanmu na unguwar Zango muke takawa zuwa can kullum bayan asuba. Da idonsa ya fara dushewa sai keken ɗinkin ya dawo hannuna, shi kuma ya koma kan benci yana gaisawa da direbobi.

Ko da ido ya tafi, ba a yi masa wayo a kan zare. Ya murza shi da yatsu biyu ya faɗa maka sunansa. In yana shakka sai ya ce a ƙyasta masa ashana. Na auduga yakan ci wuta ya zama toka, wannan na buhun goro ne da kayan da ba sa shan ruwa. Nailan narkewa yake ya dunƙule, yana da ƙarfi kuma yana miƙewa, da shi masu takalma da jaka suke aiki. Amma tamfol, wanda zai kwana ya wuni a waje, sai foliyasta mai kauri. Nailan ba ya jure rana. Yakan yi kamar lafiya lau, alhali ya rube.

Duk wannan na san shi tun ban kai tsawon teburin keke ba.

Akwai wani direba aminin Baba, tare suka yi makarantar allo, mu kuma Kawu muke ce masa. Albasa yake ɗaukowa daga garin Bawku, can arewa. Wata Laraba ya kawo sabon yadin tamfol, ya ce Jumma'a zai tashi. Na kai rabin ɗinkin tsakiya foliyasta ya ƙare. Na je kasuwar Kejetia wurin wata 'yar Asante da muke sayen zare a hannunta, ta juye kwalinta kaf ta ce sai mako mai zuwa.

"Kiramo, ɗauki wannan," in ji ta. Haka suke kiran Musulmi. "Kauri ɗaya, launi ɗaya. Amma nailan ne, na gaya maka."

Ta gaya mini kuwa. Da na ƙara tafiya kaɗan cikin kasuwa da wataƙila na samu, amma hadari ya haɗo, ga gajiya. Na karɓa. A ranar, Baba yana gida da zazzaɓi, babu wanda ya murza zaren. Na gama aiki, Kawu ya sa albarka ya tafi.

Tamfol ɗin ya sha ranar arewa rani guda cur. Da damina ta sauka, ruwa da iska suka tare Kawu a hanya bayan ya wuce garin Kintampo. Ɗinkin tsakiya ya ɓarke. Albasa in ta jiƙe ta tashi aiki, don haka ya tsaya ya hau saman kaya da kansa, mutum mai shekara sittin da wani abu, zai haɗa bakin da igiya. Santsi ya kwashe shi. Ƙashin ƙugunsa ya karye.

Wani direba ne ya dawo da motar, ya sauke mana tamfol ɗin a rumfa a gyara. Baba ya sauko daga benci ya durƙusa, ya bi ɗinkin da yatsa daga baki ɗaya. Rabin farko yana nan daram. Da ya iso inda na canja zare sai ya tsaya. Ya ja wani silli, ya tsinke a hannunsa ba tare da ya sa ƙarfi ba.

"Wa ya ɗinka nan?"

"Ni ne, Baba."

"Ba ka sani ba ne?"

Na so in ce mai zaren ce ta cuce ni. Maganar ta zo har baki.

"Na sani."

Bai yi faɗa ba. Ya goge hannu a rigarsa ya ce in ɗauko masa sandarsa, za mu asibiti.

A cikin tasi ban iya duban gefensa ba. Muka tarar da Kawu kwance, an ɗaure masa ƙafa da wani ƙarfe mai nauyi, matarsa tana yi masa fifita. Bayan gaisuwa Baba ya ce, "Ɗanka yana da magana." Na durƙusa na faɗi komai, har da cewa mai zaren ta gargaɗe ni.

Kawu ya mai da ido kan rufin ɗakin. Matarsa ta ajiye mafici ta fita.

"Abin da Allah ya rubuta ba ya wuce ranarsa," in ji Kawu. Ya ɗan nisa. "Amma da ka gaya mini a lokacin, da na jira mako guda. Albasa ba ta gudu."

Ya ce ya yafe. Na yarda ya yafe, domin ba mutum ne mai magana biyu ba. Sai dai bai sake tuƙi ba. Ƙafar ta ɗore a gajarce, yanzu a tasha yake zama yana rubuta lodi. Matarsa tana amsa gaisuwata a taƙaice, ban kuma ga laifinta ba.

Na farke ɗinkin gaba ɗaya na sake shi da zaren da ya dace. Baba ya yi wata biyu bai bar ni na sa zare a keke ba sai ya fara taɓawa, a gaban direbobi, ni da nake da 'ya'ya uku. Daga baya ya daina, bai ce me ya sa ba.

Hanyar rumfa ta gaban teburin Kawu take bi. Akwai wata ta baya, ta wajen masu gyaran taya, wadda ta fi nisa kaɗan. Wasu ranakun ita nake bi.