Ɗorawata a Gonar Ƙanena

Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya sa aka sare mini ɗorawa, sannan ya tara kara bisa kututturen ya cinna wuta. Na faɗa tun farko don ban iya kwana-kwana ba.

Da mahaifinmu ya rasu aka raba gado, gonar bakin fadama ta wajen Birnin Malam ta faɗa hannun ƙanena, ni na samu tudu. Amma ɗorawar da ke cikin gonar tasa, tsohon ya ba ni ita tun yana raye, gaban shaidu. A wajenmu haka ake yi, ƙasa ta wani, icce na wani. Mai gona ya yi nomansa, mai icce ya zo ya kaɗe kayansa in sun nuna.

Ba kowace ɗorawa ce kamarta ba. Takan riga sauran nuna da kusan wata guda, daidai lokacin da rumbu ya fara nuna gindi. Garinta ba ya shaƙe maƙogwaro. Kalwarta manya ce, har matan da ke daddawa a Jega sukan gane ta cikin kwarya ba sai an gaya musu ba. Na san ta tsufa, wani gefen ya fara rami, shi ya sa na so in bar irinta.

Karatuna aji biyu na sakandare ya tsaya. Abin da na riƙe daga can da kuma bakin manya shi ne iri na gari ke ba da ɗa na gari. Na zaɓi kalwarta mafi kyau na shuka a tuduna, na kewaye da ƙaya. Awaki suka ci na ci, rani ya kashe na kashewa, bakwai suka tsira. Da jarka bisa keke na shayar da su. Shekara goma sha ɗaya na jira, suka yi ɗiya. Ko ɗaya ba ta ɗauko ta ba. Ɗorawa ce dai irin wadda ke kowane bakin hanya.

Wani malamin gona na kai wa kuka a Aliero, ranar da na raka maƙwabcina kai albasa. Ya yi dariya ya ce, "Baba, uwar kaɗai ka sani. Uban fa?" Ya ce jemagun nan da ke rufe ɗorawa in ta yi jajayen furanninta, su ke ɗauko garin fure daga wasu itatuwa su shafa mata, don haka kowace kalwa rabinta na wani icce ne da ban taɓa gani ba. In ita kanta nake so, sai dai a yanko reshenta a ɗaura bisa ƙarama, kamar yadda ake wa mangwaro aure.

Na je har Andarai wajen wani dattijo mai auren mangwaro. Ya ce bai taɓa yi wa ɗorawa ba, amma zai gwada bisa bakwai ɗin nan, in jira tsohuwar ta yi sabon toho. Na gaya wa ƙanena da bakina. Ya ce, "To, Yaya."

Surukata ta kwanta ciwo a Maiyama, na tafi na yi kwana tara. Da na dawo na bi ta fadama, tun daga nesa na ga sarari inda bai kamata ba. Duk da haka ban karaya ba, don na san ɗorawa in an sare ta kututture yakan tsiro, toho ɗaya ma ya isa. Sai da na matso na taka toka. Kwana uku wutar ta yi tana cin saiwa, in ji mai gonar gefe. Damina biyu na yi ina zuwa ina duban wurin. Ba abin da ya fito.

Ban yi masa magana ba sai bayan damina ta biyu. Na same shi da hantsi yana ban ruwa, na kashe injin da hannuna.

Ya ɗago ya ce, "Yaya, lafiya? Ai na ɗauka maganag ga ta wuce. Inuwatta kashe mini albasa takai, kai ma ka sani. Kuma ga bakwai can gare ka, mi za ka yi da tsohuwa mai rami?"

Na ce, "Wutar fa?"

Ya ce, "In ban ƙone ba tsirowa za ta yi."

"Ashe ka san tana tsirowa."

Ya tsaya yana goge laka a wandonsa.

Na ce da shi, "Saran na yafe ma, albasa abincin ɗiyanka ce. Wutar ban yafe ba. Da ka bar mini toho ɗaya da ya ishe ni, ka sani, ka hana. Bakwai ɗin can ka je ka sare su ma in kana son gawayi, ba ruwana da su. Gaisuwa zan amsa maka don zumunci na Allah ne. Amma ran da na mutu, kada ka sa hannu ga makarata. Akwai maƙwabta."