Tsawar da Na Yi wa Matar Gafasa

Shekarata goma sha ɗaya ina aikin jinya a wani ƙaramin asibiti kusa da Toranke lokacin da na koma karatu. Kwas ne na gaba da digiri, Asabar da Lahadi a Kano, inda ake koya wa ma'aikatan lafiya waiwayar aikinsu. Da farko raina shi na yi. Ni da na saba da allura da ƙarin ruwa, sai ga malamarmu tana cewa kowa ya zaɓi abu ɗaya da ya faru a wurin aiki, ya rubuta abin da ya yi da abin da ya ji a ransa.

Na zaɓi wanda nake ganin zai ja min yabo. Wata safiya da damina wata mata daga Gafasa ta zo tare da surukarta. Tsohuwar ce ke goye da yaron, jikinsa zafi rau. Na tambayi uwar sunansa, ta sunkuyar da kai. Kwana nawa yana zazzaɓi? Shiru. Tsohuwar ke ta amsawa, ita kuwa ta kau da fuska kamar ba ita ta haife shi ba. Ni kuma dama ga saurin fushi. A gaban layin mata na daka mata tsawa: "Ke wace irin uwa ce? Ɗanki na neman mutuwa, ko kallonsa ba kya yi!" Na yi masa allura, na ce su dawo gobe da jibi. A takardata, wayar da kai na kira wannan.

Malamar ta dawo min da takardar, tambaya ɗaya tak da jan biro: "Ɗanta na nawa ne?"

Tun a motar komawa gida na gane abin da take nufi. Ɗan fari ne, da hannuna na rubuta a kati. Ni haifaffiyar Gaya ce, mahaifiyata har ta rasu ba ta taɓa kiran sunan babban yayanmu ba. Amma ni ce na tsaya ina tilasta wa mace ta ambaci ɗanta na fari a gaban uwar mijinta. Na san wannan kunyar tun ban shiga makaranta ba, farar riga ce ta mantar da ni. Ran Litinin na buɗe rajista. Ba su dawo allura ta biyu ba, kuma wata bakwai ke nan ban lura ba.

Ranar da muka fita rigakafi Gafasa na nemi gidan, ban san ko zan tarar da yaron da rai ba. Na same shi yana bin bango, alhamdu lillahi. Tsohuwar ta ce har Gaya suka kai shi aka ƙarasa allurar. Ba ta faɗi dalili ba, ni ma ban iya tambaya ba.

Da ta fita ɗebo min ruwa, sai uwar ta buɗe baki, murya ƙasa-ƙasa. Ta faɗa min ranar da zazzaɓin ya fara, da sau nawa ya yi amai, da sanda ya ƙi nono. Ba abin da ya kuɓuce mata.

"Duk na sani, Malama," ta ce. "A gaban Inna ne ba zan iya faɗa ba."

Na ce ta yafe min. Ni da ban saba ba mara lafiya haƙuri ba.

"Ba komai, wallahi ya wuce," ta ce. Ta gyara bakin tabarma. "Sai dai ran nan akwai 'yan garinmu a layin. Har yau in na je rijiya, cewa suke ga wadda likita ta ce ba ta son ɗanta."

Tsohuwar ta shigo da kwanon ruwa. Uwar ta yi maza ta janye hannunta daga kan yaron, ni kuma na karɓi ruwan na kasa sha.