Dutsen Gugar Malam Hambali

Malam Hambali direban tasin minicab ne a Lewisham, can ƙasar Turawa, kuma abin alfaharinsa a duniya ɗaya ne: tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa cin bashi ba. Kuɗinsa a firiza yake ajiye su, ƙarƙashin kifi.

A 1989 ya so sayen gidan da yake haya, ya je banki neman rance. Ma'aikacin banki ya ce ba su san shi ba, tunda bai taɓa cin bashi ya biya ba. Maƙwabcinsa Bot kuwa, wanda har mai jarida ke binsa kuɗi, kullum sai an turo masa sabon katin bashi.

"Malam, ɗauki ƙaramin abu a shago, ka riƙa biya wata-wata," in ji Bot. "Haka ake yin suna a ƙasar nan."

Ranar Asabar Hambali ya ɗauko dutsen guga bashi. Kafin la'asar ya koma a guje ya biya duka. Asabar ta gaba ya sake ɗaura niyya ya ɗauko wani, ya sake kasawa. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru, matarsa Jamilatu tana rabar da kayan a gidajen suna. Duk jaririn da aka haifa, da dutsen gugarsa.

Har ya yi ritaya banki bai san shi ba. Amma a zamaninsa babu Bahaushen Lewisham da ya fita da yamutsattsiyar riga.