Dutsen da Na Yi Taimama a Kansa

Wallahi 'yan'uwa, ni abin nan ya faru da ni, ba ji na yi ba. A 2013 ne, ina zaune wajen yayana ɗalibi a jami'ar Ainu Shams, can ƙasar Larabawa, ina zuwa unguwar Zamalek aikin shara a gidan wata tsohuwar Baturiyar Ingila.

A barandarta akwai wani dutse mai faɗi, ruwan toka, sumul, an jingine shi da bango. Ranar nan aka ɗauke ruwa tun safe, azahar ta yi, na ce ai dutse ne, na buga tafukana a kai na shafa fuska, na yi taimama na ta da salla. Sanyi ƙalau na ji shi alhali rana na dukansa, amma ban kawo komai a raina ba.

Ina sallamewa na ji wari. Kun san rijiyar da ɓera ya ruɓe a ciki? To daga hannuna yake tashi, da fuskata.

Madam ta fito ta tarar ina ta gurza hannu da zani, na gaya mata da ɗan Turancina na sakandare. Dariya ta yi, ta ɗauko hoton cocin ƙauyensu, ginin dutse mai doguwar hasumiya, wai ya yi ɗaruruwan shekaru, kowane zamani ana ƙara masa wani ɓangare. Wai a da masu hali a cikin cocin ake binne su, ƙarƙashin daɓe, mutane na taka su suna ibada. Da aka sake daɓen ne mijinta ya ɗauko wannan. Ta sa na juya shi, sai ga rubutu duk ya cinye, da zanen ƙoƙon kan mutum.

"Madam, murfin kabari ne?"

"Rabinsa," in ji ta. "Ɗaya rabin yana can kan mai shi."

Tir! Nan na durƙusa na yi ta amai.

A gida yayana ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri ƙanwata, rama sallarki, khalas, shi ke nan, wasuwasi ne kawai." Amma da na miƙa masa shayi, sai ya kau da kai yana toshe hanci.

Ban sake komawa gidan ba. Sabulu, toka, lemun tsami, ba wanda ban gwada ba. Har yau wani lokaci in na ɗaga hannu zan yi kabbara sai warin ya buso, in sauke, in koma in sake alwala. Don Allah, dutsen da ba ku san inda aka ciro shi ba, ku tambaya kafin ku kai shi fuskarku.